Gasar ƙirƙirar wasannin kwamfuta: yadda ake raba maki, da ƙa'idar amfani da tsohon kod

Gasar ƙirƙirar wasannin kwamfuta taro ne da ake bai wa masu shirya manhaja, da masu zane, da masu haɗa sauti ɗan gajeren lokaci, galibi awa 48 ko 72, su gina sabon wasa a kan jigo guda da ba a bayyana shi sai an buɗe gasar. Idan wa'adi ya cika kowa ya miƙa abin da ya yi, sai a shiga matakin ba da maki. Tambayoyi biyu ne suka fi haddasa gardama a irin wannan gasa a ko'ina cikin duniya. Ta farko, wa zai ba da maki, kuma ta yaya za a lissafa shi? Ta biyu, me aka yarda ɗan takara ya zo da shi daga gida, musamman kod, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, wanda ya riga ya rubuta tun kafin ranar gasa?

Batun ya fara shafar matasan Arewa kai tsaye. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sanya ƙirƙirar wasanni cikin fannonin da yake koyarwa, kamfanin Maliyo Games na Legas kuma ya fara horar da matasan Afirka a shirinsa na GameUp Africa tun 2021. Duk inda aka yi horo, gasa na biye, kuma a cikinta ake raba kyautar kuɗi, da kwamfuta, da suna. Wanda bai san ƙa'idar ba, ana iya kayar da shi tun kafin ya kunna na'urarsa.

Asalin gasar

A watan Maris na 2002 Chris Hecker da Sean Barrett suka tara wasu ƙwararrun masu shirya manhaja a birnin Oakland na jihar Kalifoniya a Amurka, suka kira taron Indie Game Jam. Kafin taron sun gina injin wasa guda ɗaya wanda ke iya nuna ƙananan hotuna 100,000 a allo lokaci guda, suka miƙa shi ga kowa. Ke nan tun ranar farko ba a fara da farar takarda ba: akwai tsohon kod, amma kowa ya same shi daidai wa daida.

Bayan wata guda, a Afrilun 2002, Geoff Howland ya fara Ludum Dare a intanet, wadda daga baya Mike Kasprzak ya jagoranta shekaru masu yawa. A Janairun 2009 aka yi Global Game Jam ta farko a cibiyoyi 53 cikin ƙasashe 23. A 2012 Andrzej Mazur na ƙasar Folan ya kafa js13kGames. A 2013 Leaf Corcoran ya buɗe shafin itch.io, wanda a yau yake ɗaukar nauyin mafi yawan ƙananan gasa, har da GMTK Game Jam da ɗan Birtaniya Mark Brown ya fara a 2017, wadda ta karɓi wasanni fiye da 5,000 a 2020 kaɗai.

Abin da ake yi cikin kwana biyu ko uku yakan zama sana'a. Surgeon Simulator ya fito ne daga Global Game Jam ta 2013. Superhot ya samo asali daga gasar 7DFPS ta wannan shekarar. Baba Is You na Arvi Teikari ya fara ne a Nordic Game Jam ta 2017, Inscryption kuma ya tsiro daga wani ɗan wasa da Daniel Mullins ya yi a Ludum Dare ta Disambar 2018. Dukkansu sun zama wasannin da ake sayarwa a kasuwannin duniya.

Wa ke da ikon ba da maki?

Hanyoyi huɗu ne aka fi bi, kowace da amfaninta da aibinta.

Ta farko ita ce kwamitin alƙalai, irin wanda aka saba gani a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ko a gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Alƙalai sun san aikin, kuma kowane ɗan takara yana samun ido iri ɗaya. Aibinta shi ne mutum biyar ba za su iya buga wasa dubu ba, kuma idan alƙalai kaɗan ne, karkata mutum guda ya isa ya juya sakamako. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2002 a Salt Lake City, zargin an matsa wa wata alƙaliya 'yar Faransa lamba ya sa aka ba da lambar zinare biyu a wasan zamiya kan ƙanƙara na mutum bibbiyu, ɗaya ga Rasha ɗaya ga Kanada, sannan a 2004 aka sauya tsarin ba da makin baki ɗaya.

Ta biyu ita ce 'yan takara su auna junansu. Wannan ce hanyar Ludum Dare: wanda ya miƙa wasa shi ke da ikon ba da tauraro ɗaya zuwa biyar a rukunoni takwas, wato ingancin wasan gaba ɗaya, daɗin bugawa, sabon tunani, bin jigo, zane, sauti, barkwanci, da yanayin da wasan ke jefa mai bugawa. Wanda ya kwana biyu bai yi barci ba ya fi kowa sanin wahalar aikin. Sai dai kowane mai ba da maki abokin hamayya ne.

Ta uku ita ce ƙuri'ar jama'a, inda duk mai asusu a shafin zai iya zaɓe. Tana jawo 'yan kallo, amma tana mayar da gasar ta koma ta farin jini: mai mabiya dubu goma a YouTube ko TikTok ya riga ya tsere wa wanda ba shi da kowa.

Ta huɗu ita ce a ƙi fitar da gwani ɗungurungum. Global Game Jam ba ta da zakaran duniya, domin masu ita sun ɗauke ta a matsayin wurin koyo da haɗa kai, ko da yake wasu cibiyoyi kan raba tasu kyautar a gida.

Manyan gasa kan haɗa biyu. A GMTK, ƙuri'a ce ke tace dubban wasanni zuwa 100 na sama, sannan Mark Brown ya buga su da kansa ya zaɓi waɗanda zai nuna a bidiyonsa.

Lissafin da ke bayan sakamako

Matsalar matsakaicin maki a fili take. Wasan da mutum uku suka bai wa tauraro biyar-biyar yana da matsakaici 5.0. Wasan da mutum 60 suka auna ya samu 4.2 zai zo a bayansa, alhali shi ne aka fi jarrabawa. Mutum ukun nan kuwa suna iya zama abokan ɗaki. Hanyoyi da dama aka ɓullo da su don toshe wannan ƙofa.

Mafi sauƙi shi ne gindaya mafi ƙarancin ƙuri'a. A Ludum Dare, wasan da bai samu masu aunawa 20 ba, ba ya shiga jerin sakamako. Tunanin ya yi kama da sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda bai wadatu da yawan ƙuri'ar ɗan takarar shugaban ƙasa ba, sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi: ana son amincewar ta yaɗu, kada ta tsaya a gida ɗaya.

Shafin itch.io yana rage maki ne maimakon korar wasa. Ana jera wasanni bisa yawan masu auna su, a ɗauki adadin da ya faɗo a tsakiyar jerin. Wasan da ya kai wannan adadi ko ya wuce shi, makinsa yana nan yadda yake. Wanda bai kai ba, ana raba yawan ƙuri'arsa da adadin tsakiyar, a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako, sannan a ninka ta da makinsa. A misali, idan adadin tsakiya 16 ne, wasan da mutum 4 suka bai wa 5.0 zai koma 2.5, domin 4 bisa 16 kwata ne, rabi sau rabi kuma shi ke ba da kwata. Wanda mutum 9 suka bai wa 4.0 zai koma 3.0. Abin lura shi ne wannan tsari ba ya ƙara wa kowa, ragewa kawai yake yi, kuma a kowace gasa kusan rabin wasannin suna ƙasa da tsakiya.

Akwai kuma hanyar da shafin finafinai na IMDb ya shahara da ita wajen fitar da jerinsa na 250. Ana ɗauka kamar kowane wasa ya fara da wasu ƙuri'u na aro a kan matsakaicin gasar gaba ɗaya. A ce matsakaicin gasa 3.0 ne, ƙuri'un aro kuma 20. Wasa mai ƙuri'a 5 a kan 5.0 zai tashi da 3.4, mai ƙuri'a 60 a kan 4.2 kuma zai tashi da 3.9. Bambancinta da ta itch.io shi ne tana jan wasan da ba a auna sosai ba zuwa tsakiya ne, ba zuwa ƙasa ba, don haka ƙarancin 'yan kallo bai zama hukunci ba.

Wata dabarar ita ce yanke gefe da gefe. A wasan tsalle cikin ruwa na Olamfik, alƙalai bakwai ne ke ba da maki, a jefar da biyu mafi yawa da biyu mafi ƙaranci, a yi aiki da ukun tsakiya. Hakan yana rage tasirin masoyi da maƙiyi lokaci guda. Ta ƙarshe ita ce gwada biyu-biyu: a nuna wa mai aunawa wasa biyu ya faɗi wanda ya fi, sannan a fitar da jeri da lissafi irin na Arpad Elo, wanda hukumar wasan dara na ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970. Amfaninta shi ne ta kauce wa bambancin hannu, domin akwai mai rowar da ba ya wuce tauraro uku, akwai mai kyautar da ba ya sauka ƙasa da huɗu.

Hanyoyin maguɗi da maganinsu

Maguɗin da aka fi gani iri uku ne: buɗe asusun bogi don zaɓar kai, yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka tsakanin ƙungiyoyi, da bai wa abokan hamayya tauraro ɗaya da gangan. Bayan su akwai matsalar da ba maguɗi ba ce amma sakamakonta ɗaya: wasan da ya fara samun 'yan kallo yana hawa saman shafi, ya ƙara samun wasu, na ƙasa kuma ya nutse.

Ludum Dare tana maganin wannan ta hanyar ɗaga wasan wanda ya auna na wasu kuma ya bar musu sharhi mai amfani, don a fi ganinsa. Shafin itch.io yana bai wa mai shirya gasa damar tilasta layi: sai mai zaɓe ya auna wasu wasanni da na'ura ta zaɓo masa kafin ya isa ga wanda ya zo dominsa. Ɓoye maki har ranar ƙarshe yana hana ramuwar gayya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kawar da son zuciya, amma suna sa maguɗi ya yi tsada.

Me aka yarda a zo da shi daga gida?

Babu wasan da ake ginawa daga babu. Mai amfani da Unity, ko Unreal, ko Godot ya riga ya jingina da aikin dubban mutane. Haka abin yake a adabi: Abubakar Imam, wanda littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ya aro labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya sake musu riga a Magana Jari Ce. Tambayar ita ce ina iyaka, kuma shin an sanar da ita tun farko.

Ana iya kasa abin da ɗan takara ke zuwa da shi gida huɗu. Akwai injin wasa da kayan aikin da kowa ke iya saukewa, waɗanda kusan kowace gasa ta halatta. Akwai kod na gama-gari da mutum ya rubuta wa kansa, kamar na motsa ɗan wasa, ko shafin farawa, ko adana ci gaba. Akwai zane, da kiɗa, da sauti. Sannan akwai zuciyar wasan, wato dabararsa da matakansa, wadda ita ce ake gasar a kanta. Ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita ita ce kashi na huɗu dole a yi shi cikin lokacin gasa. Gardamar tana kan na biyu da na uku.

Ludum Dare ta warware ta da raba gasar biyu. Sashen Compo na mutum ɗaya ne, awa 48, dole zane da sauti su zama an yi su cikin lokacin, kuma dole a wallafa kod ɗin kowa ya gani. An yarda da kod na gama-gari, kuma shekaru da dama sharaɗin shi ne a sanar da shi kafin gasa, a ajiye shi inda kowa zai iya ɗauka. Sashen Jam na awa 72 ne, ana shiga a ƙungiya, kuma an yarda da zane ko kiɗan da aka samo a wani wuri, amma wanda ya yi haka ana sa ran ya cire kansa daga rukunin zane ko na sauti. Wannan shi ne mahaɗin batutuwan biyu: ba a hana aro ba, an dai hana karɓar maki a kan abin da ba kai ka yi ba.

Gasar js13kGames ta bi wata hanya. Ana yin ta daga 13 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba, kuma dole dukkan wasan ya shiga cikin kilobait 13, ba tare da jawo wani abu daga waje ba. Iyakar girman ita kanta ta hana ɗauko manyan kayan da aka riga aka gina.

Hanyar tabbatarwa mafi inganci ita ce tarihin aiki. Manhajar Git tana rubuta lokacin kowane sauyi, kuma shafi kamar GitHub yana nuna shi. Ana iya yi wa kwanan wata dabara, amma wasan da ya bayyana cikakke a sauyi guda, awa biyu bayan buɗe gasa, ya isa a yi wa mai shi tambaya.

Lasisi da haƙƙin mallaka

Ƙa'idar gasa daban, doka daban. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare manhajar kwamfuta a matsayin aikin rubutu. Ganin kod a intanet bai zama izinin ɗaukarsa ba; lasisin da ke kansa shi ke faɗin abin da aka yarda. Lasisin MIT, wanda injin Godot ke ƙarƙashinsa tun da aka buɗe shi a 2014, ya yarda a yi amfani har a sayar, muddin an bar sanarwar mai shi. Lasisin GPL na Richard Stallman, na 1989, ya wajabta wa wanda ya rarraba aikin da ya gina a kansa ya buɗe nasa kod ɗin da sharaɗi iri ɗaya. Alamar CC0 tana nufin mai abu ya sallama shi ga jama'a, kamar yadda shafin Kenney ke yi da zane-zanensa.

Ɗan takara ya kamata ya duba wa zai mallaki wasan bayan gasa. A Ludum Dare wasan na mai shi ne. A Global Game Jam ma haka, sai dai kwafin da aka ɗora a shafinsu yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ya yarda wasu su yi amfani da shi ba don kasuwanci ba. Duk takardar da ta ce mai ɗaukar nauyin gasa zai mallaki dukkan abin da aka miƙa, har na waɗanda ba su ci komai ba, ba gasa ba ce, aikin kyauta ne.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa batun sarƙaƙiya, domin zanen da ta fitar cikin lokacin gasa aka yi shi, amma ba hannun ɗan takara ya yi ba. GMTK ta haramta irin wannan zane da sauti a shekarun baya-bayan nan, wasu gasar kuma sun wadatu da a bayyana. Gano kod ɗin da na'ura ta rubuta yana da wuya, don haka ƙa'idar a nan ta fi jingina ga amana.

Yadda ƙa'idar ke taɓa Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan zaton kowa yana da wuta da intanet ba yankewa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, yana iya gina wasa mai kyau a Godot ba tare da intanet ba. Matakin ba da maki ne ke kayar da shi. Don wasansa ya hau sama sai ya sauke na wasu ashirin ko fiye ya auna, kowanne da nauyinsa a kan datar da ya saya da kuɗin aljihunsa. Idan bai yi ba, ƙuri'arsa ta gaza adadin tsakiya, lissafi ya zabge masa maki. A takarda ba a nuna masa bambanci ba, amma an auna ƙarfin layinsa ne, ba basirarsa ba.

Yankin ya ga mafi munin wannan. A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau sun shafe fiye da wata biyu a haka. Matashin Zurmi ko Shinkafi da ya kammala wasansa a lokacin ba shi da hanyar miƙa shi, balle ya auna na wasu.

Batun tsohon kod ma yana da fuska biyu a nan. Haramta shi ɗungurungum yana cutar da wanda wutarsa ke ɗaukewa rabin lokacin gasa, domin shi ya fi buƙatar ya zo da ginshiƙinsa a shirye. Sakinsa ba iyaka kuma yana fifita wanda ke da dalar sayen kayan da aka gama a kasuwar Unity. Matsakaiciyar hanya ita ce ta Indie Game Jam: masu shirya gasa su haɗa ginshiƙi guda, da zane da sauti na kyauta, su raba wa kowa a filas kafin ranar.

Abin da takardar ƙa'ida ya kamata ta ƙunsa

Kafin a buɗe rajista, a wallafa waɗanda za su ba da maki da alaƙarsu da 'yan takara, malami kuma ya janye daga auna ɗalibinsa. A rubuta rukunonin maki da nauyin kowanne, da yadda za a lissafa, tare da misali da lambobi. A tabbatar kowane wasa ya samu adadin masu aunawa iri ɗaya ta hanyar rabon da na'ura ko ƙuri'a ta yi. A iyakance girman wasa, a yarda da miƙawa hannu da hannu a cibiya, a kuma faɗi abin da za a yi idan layi ya katse. A wajabta wa kowace ƙungiya takardar bayyana abin da ta aro da lasisinsa. A fayyace hukuncin ƙin bayyanawa, da wanda za a ɗaukaka ƙara gare shi, da wa'adin yin hakan. Bayan sakamako, a fitar da dukkan maki ba tare da sunayen masu bayarwa ba, don kowa ya iya sake lissafi da kansa.

Mutanen Zamfara sun san nauyin ƙa'idar shiga takara. A ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da jam'iyyar APC ta samu a jihar saboda ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, kwana biyar kafin rantsuwa. Darasin ya shafi ƙaramar gasa kamar yadda ya shafi babba: tantance wanda ya cancanci shiga, da abin da ya halatta ya zo da shi, aiki ne na kafin a fara. Idan aka bar shi sai bayan an ƙirga maki, duk hukuncin da aka yanke wani ɓangare zai ga an yi masa fashi.